Daminar da Aka Guji Tukunyata

Bana ruwa ya sake yi mana halinsa. Ya sauko sau biyu da ƙarfi, kowa ya ruga ya yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. A cikin kwanakin jiran nan ne na je asibiti a Malumfashi awon hawan jini. Wata ma'aikaciya, yarinya sa'ar autata, ta ɗora ni a kan sikeli, ta leƙa, ta girgiza kai.

"Hajiya, sai fa kin rage tuwon nan. Jikin ya yi yawa."

Na yi dariya har ta tsargu. Ban gaya mata dalili ba, don layi na jira a bayana. Na fito na samu inuwa ina jiran mota, ina kallon sama fayau babu ko ɗan gajimare, sai wata damina ta faɗo mini a rai, shekara ashirin da wani abu ke nan. A waccan daminar, a garin nan dai, an taɓa ɗora ni a kan sikeli aka girgiza kai, amma don rama. Na zaci na daɗe da hucewa. Ina zaune a wurin na ji zuciyata tana tafasa kamar jiya aka yi abin.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ana cikin cirar auduga. Manomi ne, amma in kaka ta yi yakan raka motocin masara daga Funtuwa zuwa kudu, ya yi mako biyu ko uku ya dawo. Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube, cikin wata biyu Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya'ya huɗu, babbar tana shekara goma sha ɗaya, ƙaramin ban daɗe da yaye shi ba, da gona guda a bakin rafi, bayan ƙauyenmu da ke kusa da Dayi. Gidan babba ne. Sashenmu yana gabas, ɗakin Inna mahaifiyarsa yana tsakiya, ƙaninsa Tanimu da iyalinsa suna yamma.

Na fita takaba cikin tsakiyar bazara, lokacin da ruwan randa ke yin ɗumi tun hantsi, kaji na buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ko mako ban yi da fita ba Tanimu ya yi sallama a ƙofar sashena ya tsuguna.

"Yaya Saude, magana ce na zo da ita. Mace ba ta riƙe gona. Ni zan haɗa ta da tawa in riƙe wa yara har su girma. Manyan biyu sai su tafi Mahuta wurin gwaggonsu, na ukun ya zauna wurina, ke ki koma gida da ƙaramin."

Haka ya raba mini 'ya'ya kamar mai kasa tumatir a kasuwa. Na ce masa ban yarda ba. Magana ta kai gaban Baba Audu, sarkin noman unguwarmu, dattijon da ba a tsallake maganarsa. Ya saurari kowa, ya yanke cewa a ba ni damina ɗaya. In na nome gonar ta ciyar da yaran, in zauna da abina. In ciyawa ta cinye ta, maganar Tanimu ce za a bi. Kowa ya ce an yi adalci. Ni dai na koma ɗaki, kuma daga ranar abinci ya fita raina.

Ba zazzaɓi, ba tari, ba gudawa, babu inda ke yi mini ciwo da zan nuna da yatsa. Ina jin yunwa sarai, cikina har ƙugi yake yi. Amma da na gutsuro loma na kai baki sai ta zama kamar auduga, in tauna in tauna ta ƙi wucewa. Ƙamshin daddawa, da nake so tun ina yarinya, ya koma tayar mini da zuciya. In na zauna gaban kwano, tunani ne ke zama tare da ni: saura dami nawa a rumbu, yaushe ruwa zai sauka, wa zai riƙa yi wa 'yata kitso a Mahuta. Sai in tura wa yara kwanon in ce na ƙoshi. Har daɗi nake ji wai ina tattali, don shekarar ma abincin ba wani yawa ne da shi ba. Tuwon masara ne da miyar kuka da ba ta ga mai ba, da rana kuma kwaɗon zogale ko na tafasa in an samu ƙuli.

Ruwan shuka ya sauka wata Juma'a da yamma, da iska mai ƙamshin ƙasa. Washegari na ɗauki sungumi. Ina sara, Lantana tana bina tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Maƙwabciyarmu ce, kuma ƙawata tun zuwana garin ina amarya. Kwana huɗu muka gama. Masara ta tsiro kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha bakwai, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in fito tsakar gida in dubi gabas. Da rana ganyen masara ya nannaɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Maza suka fita roƙon ruwa har sau biyu. A kwanakin nan abin da ke shiga cikina bai wuce ruwa da ɗan koko ba. Zanen da nake ɗaurawa ya fara zagaye ni sau biyu, awarwarona da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu in na ɗaga tulu.

Da ruwan ya dawo kuwa, da fushi ya dawo. Kwana da kwanaki ana tsuga shi, katangar bayan ɗakina ta zube, itace ya jiƙe, hayaƙi ya ishe mu. Masara ta farfaɗo, amma ciyawa ta riga ta tashi. Harƙiya da tofa suka rufe gonar har sai mutum ya sunkuya yake ganin shuka. Na yi kwana shida ina noma ni kaɗai, in sunkuya in ga duhu-duhu, in zauna, in sake tashi. Da na waiwaya, inda na fara ya sake yin kore. Nan na san sai gayya.

Yaran yanzu ba su san gayya sosai ba. Yau mutum ɗaya zai goya tankin feshi ya kashe ciyawar gona guda kafin azahar. A lokacin sai dai a gaya wa sarkin noma, ya sa rana, mazan unguwa su fito da fartanyoyinsu. Ba a ba kowa ko kwabo. Ladan gayya abinci ne, kuma daga tukunyar gidan mai gona: kunu da hantsi, tuwo da azahar. In sun ci sun ƙoshi sai su kai la'asar suna aiki. In babu abinci babu mai iya riƙe fartanya cikin ranar nan, kowa sai ya kama gabansa, kuma ba a kiran gayya sau biyu a gona ɗaya.

Tun kafin nan na fara ganin wasu abubuwa da ban gane kansu ba. A gidanmu, kowace mace in ta sauke tuwo takan aika wa sauran sassan ɗan malmala. Wanda nake aika wa sashen Tanimu ya fara dawowa yadda ya tafi, wai sun riga sun ci. A bakin rijiya na sha ruwa a moɗa, ina ajiyewa wata ta ɗauka ta dirje ta da ƙasa. A wani gidan suna aka zuba wa mata biyar-biyar a faranti, ni aka miƙo mini nawa a ɗan kwano ni kaɗai, har da cewa wai don in sake. Na ɗauka tausayin wadda ta fito takaba ne. Lantana ce ta fasa ƙwan wata rana muna tankaɗe.

"Saude, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Cewa ake ciwon zamani ne ya kashe Malam, wai a kudu ya kwaso, ga shi ya bar miki. Ƙanjamau dai. Wai a dubi yadda ya rame, a dubi yadda kike ramewa."

"Su wa suka ce?"

"Wa zan ce miki? Kowa ka tambaya a bakin wani ya ji."

Na rasa wanne ya fi ƙona mini rai. Mutumin da ya yi wa kowannensu noma, ya ɗauki gawar iyayensu zuwa makwanci, ko shekara bai yi a ƙasa ba suna cin namansa. Ni kuwa babu wadda ta taɓa zama ta ce, Saude me ke damunki? Sun ga ƙasusuwan wuyana sun ƙirga, amma ba su ga an raba mini 'ya'ya a gabansu ba. Na sani a lokacin ana tsoron ciwon nan, gani ake ko inuwar mai shi ka taka ka ɗauka. Yau ga masu shi nan a cikinmu suna shan magani suna nomansu, ana ci ana sha da su. Amma wannan bai rage mini haushin ba ko kaɗan.

Na tashi a fusace na nufi ɗakin Inna. Inna jinin Fulani ce, daga cikin waɗanda suka daɗe da zama gari har suka bar yaren, amma ba su bar kara ba. Maigidana shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi a gaban mutane, in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ranar da ya rasu ana kuka a tsakar gida, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ko hawaye ba a gani ba. Ni ma matar ɗan fari, shekara goma sha uku ina gidan ba mu taɓa haɗa ido sosai ba, ko goro ban taɓa ci a gabanta ba.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaya mata abin da ake faɗa. Na ce, "Inna, kin ji abin da likita ya ce da kunnenki. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa."

Ta daɗe tana murza mazarinta, zare na sauka. Can ta ce, "Allah Ya sani."

"Allah Ya sani, Inna. Mutane ne ba su sani ba."

Ta ci gaba da murza mazarinta. A wurinta, ta buɗe baki ta kare ɗan fari a bainar jama'a rashin ta ido ne, abin da uwarta da kakarta ba su yi ba. Mutanen gari kuwa, da suka san wannan al'ada sarai, suka juya ta: ai da ƙarya ne da uwarsa ta yi magana. Na fito daga ɗakin ina jin haushinta fiye da na kowa.

Lantana ce ta matsa mini muka shiga motar kasuwa zuwa Malumfashi. Ni ma tsoro ya fara shigata, don in gari duka ya ce kana da ciwo sai ka fara lalube jikinka. Aka auna ni, aka ɗebi jini, aka karɓi kaki da fitsari, aka ce mu dawo. Da muka koma, wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai furfura a goshi, ta sa ni gaba da takardu.

"Babu ƙanjamau, babu tarin fuka, babu ciwon suga. Jininki ya yi ƙasa kaɗan, na rashin ci ne. Kuma ko da ciwon ne, ba a ɗaukarsa a tuwo ko a moɗa. Yanzu gaya mini, me kike tunani in kin zauna cin abinci?"

Tun rasuwar maigidana babu wanda ya yi mini irin wannan tambaya. Na buɗe baki zan ce babu komai, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata maganar gona, da ta Tanimu, da ta Mahuta, da ta moɗa. Ta bar ni na gama.

"To ga ciwonki nan kin faɗe shi da bakinki," ta ce. "Damuwa na rufe ciki kamar yadda zazzaɓi ke rufe shi. Kada ki jira sai kin ji sha'awar abinci, ba za ta zo da kanta ba. Ki ci kaɗan-kaɗan, sau biyar sau shida, ko da cokali uku ne. Kada ki ci ke kaɗai. Abin da ke ranki kuma ki riƙa faɗa wa ƙawar nan taki. Bayan wata guda ki dawo in sake auna ki, in ramar ta ci gaba mu ƙara bincike."

Na ƙulle takardar a haɓar zanena, da muka isa gida na kai wa Tanimu. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, don ba ya karatun boko, ya miƙo mini.

"Yaya, ni ban ce komai ba. Amma an ce su asibiti ba sa gaya wa mutum gaskiya, don kada ya haɗiyi zuciya."

Ka ji fa. In takarda ta ce akwai, to akwai. In ta ce babu, ɓoyewa aka yi. Na karɓi abata na mayar haɓar zane.

Na dai bi maganar matar nan. Kullum da hantsi Lantana ta shigo da ɗan kunun tsamiya, ta zauna ta tsare ni, ta sha da ludayin da na sha. Na lura abu mai tsami ya fi wucewa, sai na riƙa jefa yakuwa a miya, in an samu ɗan nono in dama. Na daina ce wa yara na ƙoshi, sai in zauna cikinsu in sa hannu ko loma biyu ce. Wata rana ta wuce, wata rana ta tsaya a wuya in fita bayan ɗaki. Ban yi ƙiba ba, amma duhun da nake gani in na sunkuya ya ragu.

Baba Audu ya sa gayya ranar Laraba. Ana saura kwana biyu Tanimu ya sake zuwa, wai shawara ce: in ba matarsa hatsin ta dafa a sashensu, don in huta.

"Hutun me?" na ce. "Gonar 'ya'yana ce, tukunyata ce za ta hau wuta."

Lantana ma ta ce in yi haƙuri in yarda, gona ce a gaba. Na san tana da gaskiyarta. Amma in na miƙa muciyata ranar nan, na amsa ke nan abin da ake faɗa a kaina da kan wanda ke kwance a kabari, 'ya'yana kuma su tashi da sunan. Na ƙi. Na sauko da damin dawa mai kyau na ƙarshe, muka sussuka, muka surfa, muka kai niƙa. Na sa aka yanka zakaruna biyu.

Ranar Laraba ana idar da asuba na hura wuta. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi na shiga ido, ina tuƙi ina hutawa. Maza ashirin da uku suka fito, nauyin Baba Audu ne ya fito da su, da kuma na mamacin. Da hantsi muka kai kunu a manyan ƙorai biyu ni da Lantana. Da muka koma ɗaukowa muka tarar da shi kusan yadda muka ajiye, wai kowa ya karya a gida. Muka dawo da shi muka dire a tsakar gida. Na ga Inna ta fito za ta zagaya, ta tsaya, ta ɗaga faifan da ke kan ƙwarya, ta duba, ta mayar.

Da azahar muka jera akussa a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu na ƙamshi, nama a sama. Rana ta take, irin wadda ke fitowa bayan ruwa, ƙasa na fitar da tururi. Ko rabin gonar ba a kai ba. Suka zo inuwa suna sharce gumi, idanunsu a kan akussan, har ina jin cikin wani na kuka. Babu wanda ya nufi ruwan wanke hannu.

Wani ya ce azumi yake. Na kusa da shi ya ce shi ma. Kafin ka ce me, mutum bakwai suna azumi, ranar Laraba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ba tsakiyar wata ba, kuma da fartanya a hannu. Tunda nake ban taɓa ganin unguwarmu da tsoron Allah irin na ranar ba. Wani ya ce gyambon ciki ya hana shi cin dawa. Wani ya tuna ya bar akuya a sake. Baba Audu kansa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Tanimu yana gefe yana kallon ciyawar da ta rage, na san abin da yake aunawa a ransa. Aka fara saɓa fartanyoyi a kafaɗa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mace ba ta ɗaga murya a gaban maza haka, amma na ɗaga.

"Ku tsaya ku ji. Wane ne a cikinku bai taɓa cin tuwona ba? Kai Malam Sule, da matarka ta haihu, wa ya yi muku girki kwana bakwai? In ba za ku ci ba ku ce ba za ku ci ba, kada ku yi wa Allah ƙarya da azumi. Ga takardar asibiti nan, wanda ya iya karatu ya karanta."

Na kwance ta na ɗaga. Babu wanda ya karɓa, iska ce kawai ke kaɗa ta a hannuna. Na san gona ta tafi, yara sun tafi.

Lantana ce ta taɓa ni ta nuna mini hanya. Inna ce tafe da sandarta, tana ratsa ciyawa a hankali, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Shekara da shekaru ba ta taka gonar nan ba. Maza suka buɗa mata hanya suna gaishe ta, ba ta amsa wa kowa ba. Ta zauna a kan saiwar ɗorawa, ta jawo akushi ɗaya, ta wanke hannu.

"Saude, zo ki zauna."

Na tsaya kamar an dasa ni. In ci abinci a gaban Inna, a akushi ɗaya, a gaban maza?

"Na ce ki zauna. Sa hannu."

Na durƙusa na sa hannu, kaina a ƙasa. Ta gutsura daga daidai inda na gutsura, ta kai baki, ta haɗiye. Sa'an nan ta ɗaga kai ta dubi mazan, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Haruna ɗana ne. Ni na haife shi, a gabana ya cika. Hanta ce ajalinsa. Haruna ya yi wa kowannenku gayya, bai taɓa tambayar wa ya tuƙa tuwon ba. Ga gonar marayunsa nan. Wanda zai tafi ya tafi, ina kallo."

Dattawan cikinsu sun san ta tun tana amarya, babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta, sai ga shi har sau biyu. Baba Audu ya mayar da carbinsa aljihu, ya ce, "Mun yi abin kunya," ya wanke hannu ya jawo akushi. Sai aka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Biyar daga cikin masu azumin suka sha ruwa da rana tsaka ba tare da sun dubi kowa ba. Biyu suka tsaya a kan ƙaryarsu, suka yi aikin da yunwa har la'asar, ban tausaya musu ba, kuma har yau ban tausaya ba. Tanimu ne ya zauna a ƙarshe, shi ne kuma ya fi kowa ci. Ranar ba a tashi ba sai da aka kai iyakar gonar, da kaka ta yi kuma babu wanda ya sake tayar da maganar Mahuta.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai bayan maza sun koma aiki ya faru. Lantana ta tafi rafi ɗebo ruwa, muka rage ni da Inna da akushi a tsakaninmu, ƙarar fartanyoyi na tashi. Na lura na ci kusan rabin malmala ban sani ba. Ina so in yi mata godiya, haushin kwanakin baya kuma bai gama sauka ba, ina cewa a raina da tun farko kika yi haka. Sai ta yi magana, idonta a kan tuwon.

"Ni ma tun ranar da aka fita da shi abinci bai yi mini daɗi ba."

Na ɗaga ido na dube ta sosai, karo na farko tun zuwana gidan. Wuyan hannunta bai kai nawa ba. Fatar ta saki, zobenta ta naɗa masa zare don kada ya faɗi. Wata takwas tana narkewa a tsakiyar gidan nan. Garin da ya ƙirga ƙasusuwana bai gan ta ba, don tsohuwa ce, an ɗauka haka tsufa yake. Ni kuma da kwanonta ke dawo mini kullum an ɗan taɓa gefe kawai, na sa ta cikin masu gudun tukunyata.

Ta turo sauran naman gabana. Na mayar da shi gabanta. Ta dube shi, ta raba shi biyu da yatsa.

"Ci," ta ce. "In kin ci, zan ci."